Fitilun tsakiyar titin jirgi: idan ja ya fara bayyana, me matuƙi zai yi?

Ɗalibin_Sama: Assalamu alaikum manyanmu. Ina shirin jarrabawar dokokin sama, na iso babin fitilun filin jirgi. Na haddace cewa fitilun tsakiyar titi farare ne, sai su koma ja da fari, daga ƙarshe jajaye zalla. Tambayata biyu ce. Ta farko, daga ina ake canjin launin? Littafi ɗaya ya ce 900, wani ya ce 3,000. Ta biyu ita ta fi damuna: idan ina gudun tashi, na ga ja ya fara shigowa alhali hancin jirgi bai ɗaga ba, ba alamar in taka birki ba ce?

Mataimakiya_737: Wa alaikumus salam ƙanena. Ta farkon ba ta da wuya. 900 mita ne, ma'aunin ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, a kundinta mai lamba 14 da ya shafi filayen jirage. 3,000 kuwa ƙafa ne, ma'aunin hukumar FAA ta Amurka, kimanin mita 914 ke nan. Farare har saura mita 900 titi ya ƙare, ja da fari a jere daga nan zuwa saura mita 300, sai jajaye zalla. A Amurka ƙafa 3,000 da ƙafa 1,000. Idan titin bai kai mita 1,800 ba, ICAO ta ce a fara ja da farin daga tsakiyar tsawonsa. Wannan suna son tambayarsa a jarrabawa, ka riƙe.

Ta biyun kuwa, a'a. Wajen tashi V1, wato gudun da in jirgi ya wuce shi ba a fasa tashi, shi ke yanke hukunci, ba launin fitila ba. Ka cire fitila daga lissafinka kwata-kwata.

Ɗalibin_Sama: Na gode Yaya. Amma to don me aka sa su, in ba a aiki da su?

Mataimakiya_737: Don su gaya maka titi ya kusa ƙarewa, musamman wajen sauka cikin hazo. Yi lissafin da kanka. Jirgin da ke gudun kilomita 260 a awa yana cin mita 72 kowane sakan. Mita 900 sakan 12 ne da ɗoriya. Mita 300 na jajayen sakan 4 ne. Idan ka wuce V1 sannan ka taka birki don ka ga ja, ba a kan titi za ka tsaya ba, a cikin ciyawa za a je a kwaso ku. V1 an ciro shi ne daga nauyin jirgi, zafin iska, tsayin filin daga teku, da tazarar da aka ayyana, wato TORA ta gudun tashi da ASDA ta gudu da tsayawa. Jirgi mai nauyi a ranar zafi yana iya ɗaga hanci cikin ja da fari kuma komai lafiya lau, haka lissafin ya bayar.

Kyaftin_Mai_Ritaya: 'Yata, na yarda da ke kan birki. Bayan V1 hannu ya bar maɓallan inji, magana ta ƙare. Amma inda kika ce ya cire fitila daga lissafi kwata-kwata, nan ba na tare da ke, kuma ba na son yaron nan ya tafi da wannan.

V1 daga ina ya fito? Daga lambobin da mutum ya danna da yatsansa. Nauyi an danna shi, zafi an danna shi, mashigar titi an zaɓe ta. A duk abin da ke gabanka a lokacin gudun tashi, fitilun nan ne kaɗai ba su bi ta hannun mai dannawa ba. Suna nan inda aka binne su.

Ku duba abin da ya faru a Melbon ta Ostireliya ranar 20 ga Maris 2009. Jirgin Emirates ne, A340-500. Aka shigar da nauyin tashi ƙasa da na gaskiya da tan 100 cif. Kwamfuta ta ba da ƙarfin inji kaɗan da gudun tashi kaɗan, daidai da abin da aka gaya mata. Jirgi ya ƙi ɗagawa, wutsiya ta goge titi, sai da kyaftin ya tura inji ƙarshen ƙarfinsa sannan suka bar ƙasa, bayan sun wuce ƙarshen titin sun bugi fitilu da eriya. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba. A Halifas ta Kanada kuwa, Oktoba 2004, jirgin kaya 747 da aka yi wa lissafi da nauyin da ba nasa ba bai tsira ba, mutum bakwai da ke ciki duka suka rasu.

To idan ka san titin nan mita 3,500 ne, kuma ka saba ɗagawa da sauran fili a gaba, yau ga ja da fari na wucewa ƙarƙashinka ba a ma kira V1 ba, wani abu ya lalace. Fitilar ba ta ce maka taka birki ba. Ta ce maka lambobinka ƙarya suke yi.

Ɗan_Kallo: Ni ba matuƙi ba ne, sha'awa ce kawai, amma Baba Kyaftin a wannan halin me za a yi? Birki ba zai yi ba, kuma jirgi bai kai gudun tashi ba.

Kyaftin_Mai_Ritaya: Duk ƙarfin da inji ke da shi, a ba shi. Sannan a ɗaga kafin titi ya ƙare.

Mataimakiya_737: Ranku ya daɗe, wannan ma ai a rubuce yake a littafin jirginmu, a babin juyin iska. Idan iska ta kwace maka gudu bayan V1, ka fara ɗaga hanci akalla ƙafa 2,000 kafin ƙarshen titi ko da gudun bai cika ba. Da dare kuma alamar ƙafa 2,000 ita ce inda fitilun gefe ke komawa rawaya. Ban musa wannan ba. Abin da nake tsoro daban ne. Ɗalibi da bai taɓa jin nauyin babban jirgi ba, in ka ce masa launi na da ta cewa a gudun tashi, ranar da ya firgita ƙafarsa birki za ta nema. Fasa tashi bayan V1 ya fitar da jirage da yawa daga titi. Gara ya fara da doka ɗaya mai kaifi, sauran ya koya a na'urar horo da malami a bayansa.

Kyaftin_Mai_Ritaya: Ni kuma na fi son ya saba tun yanzu da tambayar kansa kafin ya shiga titi: a ina nake sa ran ɗagawa yau? Ko a ƙaramin jirgi. Wanda bai yi wannan tambayar ba, ko fitilu sun yi masa ihu ba zai ji ba.

Mataimakiya_737: A nan dai kowa ya riƙe nasa, Kyaftin.

Injiniyan_Fitilu: Ku ba mu wuri mu da muke tone su da ƙarfe biyun dare mu ce wani abu. Ɗalibi, tazarar da ke tsakanin fitila da fitila mita 15 ce, ƙafa 50 a Amurka. ICAO ta yarda da mita 30 idan titin ba a aiki da shi a RVR, wato nisan da matuƙi ke iya hange a kan titi, ƙasa da mita 350 kuma an nuna ana kula da fitilun yadda ya kamata. A cikin titi ake binne su, abin da ke leƙowa sama bai wuce milimita 13 ba, sabbin ma sun fi haka kwanciya, domin tayar jirgi mai tan ɗari uku za ta bi ta kansu. Kuma ba lallai su zauna daidai kan farin layin fenti ba, an yarda a gusar da su gefe ɗaya har santimita 60, saboda a kauce wa gaɓar siminti da ke bin tsakiyar titi.

Ɗan_Kallo: Ashe su ne ƙarar nan da nake ji dum-dum-dum tana ƙara sauri in jirgi zai tashi?

Injiniyan_Fitilu: Su ne, tayar gaba ce ke taka su. Wasu matuƙa sukan ɗan gusa kaɗan don fasinja su huta. Mu ma muna so, don burbushin roba da taya ke bari shi ke dusashe gilashin.

Kyaftin_Mai_Ritaya: A sarari da rana a gusa. A hazo kuwa ƙarar nan abokiyar tafiya ce, kunne na tabbatar wa ido kana tsakiya.

Injiniyan_Fitilu: Abin da matuƙa ba sa gani shi ne wayoyin. Fitilun a jere suke kan da'irar wuta mai ƙarfin amfiya 6.6 idan an ƙure haske, kowace da ƙaramar taransifomarta, don in ƙwai ɗaya ya mutu sauran su ci gaba. Matakan haske biyar ne, daga amfiya 2.8 zuwa 6.6. Sannan ba da'ira ɗaya ke ɗauke da layin ba, ana sarƙa biyu ne, ta yadda in ɗaya ta faɗi layin zai yi sako-sako amma ba zai ɓace ba, kuma a yankin ja da fari ana tsara sarƙar yadda launuka biyun za su rage. In ba haka ba sai matuƙi ya ga jajaye zalla tun saura mita 900, ko farare zalla har saura 300, kuma na biyun ya fi muni.

Ga titin CAT II da CAT III, wato rukunan sauka da taimakon na'ura cikin hazo mai kauri, kashi 95 cikin ɗari na fitilun tsakiya dole su kasance a raye, kuma ba a yarda biyu maƙwabta su mutu tare ba. Idan wuta ta ɗauke, sakan ɗaya aka ba mu ta dawo kan fitilun tsakiya. Janareto ba ya tashi a sakan ɗaya. Shi ya sa wasu filayen in hazo ya sauka sukan kunna janareto ya zama shi ne babba, wutar gari ta zama madadin, wasu kuma batura suke sawa a tsakani.

Ɗalibin_Sama: Injiniya kun ambaci RVR da CAT. Na san ma'anarsu a takarda, amma ban gane me ya haɗa su da fitilar tsakiya ba.

Mai_Hasumiya: Bari in karɓi wannan. RVR ita ce nisan da matuƙin da ke kan tsakiyar titi zai iya hangen alamun titin ko fitilunsa. Ka lura, har da fitilu a cikin ma'anar. Saboda haka in na ƙara haske daga mataki na uku zuwa na biyar, lambar RVR na iya hawa alhali hazon bai motsa ba, domin na'urar tana sa ƙarfin fitila cikin lissafinta. Ana auna ta wuri uku a manyan tituna: wurin taɓa ƙasa, tsakiya, da ƙarshe. A rahoton yanayi za ka ga kamar R24/0350, wato titi na 24, mita 350.

CAT I: tsayin yanke shawara, wato inda matuƙi zai zaɓi sauka ko komawa sama, bai gaza ƙafa 200 ba, RVR mita 550. CAT II: har ƙafa 100, RVR mita 300. CAT III ƙasa da haka. Fitilun tsakiya wajibi ne ga II da III, da kuma titin da ake tashi a kansa a RVR ƙasa da kimanin mita 400. Ga CAT I shawara ce kawai, amma tana da tasiri. A Amurka titin CAT I mai fitilun tsakiya da na wurin taɓa ƙasa ana sauka a RVR ƙafa 1,800, wanda ba shi da su 2,400 ne, sai dai in jirgin na da kayan da suka cike gurbin.

Mataimakiya_737: Ƙari a kan na Malam Mai Hasumiya. A CAT II, in ka iso tsayin yanke shawara, dole ka ga akalla fitilu uku a jere, na layin shigowa ko na tsakiya ko na gefe ko na wurin taɓa ƙasa, tare da wani abu na kwance da zai nuna maka fikafikanka a daidaice suke. Ba ka gani ba, ka koma sama. A mafi tsananin CAT III mai tsayin yanke shawara, fitilar tsakiya ɗaya tak ake nema.

Wajen tashi kuma, a dokar Turai, don a bar ka ka tashi a RVR mita 125 sai fitilun tsakiya masu tazarar mita 15 na aiki, kuma kana iya ganin mita 90 na titi daga kujerarka. Raba 90 da 15, fitilu shida ke nan. Mukan ƙirga su a zahiri kafin a tura inji.

Ɗan_Kallo: To in ƙirga na aiki, me amfanin na'ura mai tsada? In hasumiya ta ce 100 ni kuma na ƙirga fitilu goma, wa za a bi?

Mai_Hasumiya: Kai ka ga inda kake tsaye. Na'urar tsakiya da ta ƙarshe sun ga inda za ka kasance da gudun kilomita 200 a awa. Hazo ba shimfiɗe yake daidai ba, dunƙule-dunƙule ne. Dokoki da yawa sun yarda matuƙi ya kimanta ɓangaren farko da idonsa, amma ƙirgarsa ba ta soke lambar tsakiya da ta ƙarshe.

Injiniyan_Fitilu: Kuma mai ƙirga ya duba taswirar filin tukuna ya san 15 ne ko 30. Ya kuma tuna hancin jirgi na ɓoye masa na kusa.

Kyaftin_Mai_Ritaya: Duk wannan lissafi na da kyau, amma ni abin da ya fi cin rayuka a sanina ba ƙirga ba ne. Launi ne. Titin tashi fari ne a tsakiya, fari a gefe. Hanyar zagaye da ke kai ka titi kore ce a tsakiya, shuɗi a gefe. Yaron firamare zai haddace wannan a minti ɗaya, amma ƙwararru sun mutu a kansa.

Taipei ta Taiwan, daren 31 ga Oktoba 2000, jirgin Singapore Airlines 747-400, ana ruwa da iskar guguwa. An ba su titi 05L (L na hagu, R na dama). Suka bi korayen fitilu suka shiga 05R, wanda aka rufe wani sashensa ana gyara. Fitilun tsakiyarsa koraye ne domin ana amfani da shi a matsayin hanyar zagaye. Suka tura inji a kan koren layi, suka afka wa shingen siminti da motocin gini. Mutum 83 cikin 179 suka rasu.

Lexington ta jihar Kentaki, 27 ga Agusta 2006, kafin gari ya waye. An ba jirgin Comair titi na 22 mai ƙafa 7,000, suka hau na 26 mai ƙafa 3,500 wanda babu fitila ko ɗaya a kunne. Mataimakin ma ya furta mamakin rashin fitilun suna cikin gudu, amma ba a tsaya ba. Mutum 49 cikin 50 suka rasu.

Mai_Hasumiya: A ƙara da San Faransisko, 7 ga Yuli 2017, dab da tsakar dare. Titi 28L a rufe yake babu haske. Matuƙan Air Canada suka ɗauka 28R shi ne na hagu, hanyar zagaye C kuma ita ce titinsu. Jirage huɗu na jere a kanta cike da mutane. Sun sauko har kimanin ƙafa 60 kafin su koma sama. Hanyar nan ba ta da fitilun shigowa, ba ta da koren layin bakin titi, tsakiyarta kore ce. Duk alamun suna nan.

Mataimakiya_737: Suna nan, amma idon da ya gaji abin da yake sa rai shi yake gani. Shi ya sa ba na son a ce "da sun duba launi". A Taipei ruwa na dukan gilashi, koren layin kuma shi ne ya ja su ya lanƙwasa da su ciki. Gyaran da ya yi aiki shi ne wanda ba ya dogara da ido kaɗai: a daidaita ILS, na'urar rediyo mai jagorantar jirgi zuwa titi, ko da sauka da ido za a yi, a duba alƙiblar kamfas ta dace da lambar titi, matuƙa biyu su furta sunan titin da baki, ga kuma na'urorin da ke faɗin titin da kake kai da murya.

Kyaftin_Mai_Ritaya: Duk a yi su. Amma taga ma na cikin kayan aiki.

Ɗalibin_Sama: Malaminmu ya taɓa cewa akwai masu tashi a kan fitilun gefe suna zaton tsakiya ne. Na ɗauka wasa yake.

Injiniyan_Fitilu: Ba wasa ba ne, mu ke kwashe fasassun. Yana faruwa da dare a titi mai faɗin kafaɗa, musamman inda babu fitilun tsakiya ko an kashe su, ko inda aka shigo daga mashigar da ba ta da layin jagora. Matuƙi ya ga farin layi ɗaya a gabansa sai ya hau. Bambancin a fili yake ga mai lura: na gefe tazararsu har mita 60, na tsakiya 15. Na gefe galibi a tsaye suke bisa ƙasa, don haka ƙarar da za ka ji ba dum-dum ba ce, fashewa ce. Kuma in kana tsakiya, layi uku ya kamata ka gani, ɗaya ƙarƙashinka, biyu a gefuna daidai wa daida.

Mai_Hasumiya: Shi ya sa sanarwar NOTAM da ke cewa fitilun tsakiya ba sa aiki ba abin tsallakewa ba ce. Tana ɗaga mafi ƙarancin RVR ɗinka na tashi da na sauka, wani lokacin ta hana tafiyar gaba ɗaya. A tsibirin Tenerife na Sifaniya ma, 27 ga Maris 1977, ranar da 747 biyu suka yi karo cikin hazo mutum 583 suka rasu, fitilun tsakiyar titin ba sa aiki, an kuma sanar da matuƙan. Ba su ne sanadin ba, sanadin tashi ne babu izini da ruɗanin magana a rediyo. Tun daga nan ne ma ba ma furta kalmar tashi sai a lokacin ba da izinin ko soke shi.

Wani abu kuma da nake so sababbin matuƙa su sani: haske a hannuna yake, amma naku ne. In ya kashe muku ido ku ce a rage. Mataki na biyar a dare mai garau yana sa titi ya yi kamar ya fi kusa, kuma in titi ya jiƙe sai ya riƙa walƙiya. Da yawa sukan yi shiru su jure.

Ɗan_Kallo: Tambaya ta ƙarshe daga gare ni. Na lura filaye na komawa fitilun LED. Ci gaba ne ko akwai matsala?

Kyaftin_Mai_Ritaya: Ni dai hasken ya yi mini kaifi, farinsa kamar yana sukar ido. Amma tsoho ne ke magana.

Mataimakiya_737: Ni na fi son su, ja ja ne, fari fari ne. Tsohon ƙwai in an rage masa wuta farinsa sai ya koma kamar rawaya, ka tsaya kana tantama ko ka shiga mita 600 na ƙarshe ne a fitilun gefe.

Injiniyan_Fitilu: Ta wajen wuta da daɗewa babu haɗi, LED ta yi nisa. Matsala biyu aka sani. Tsohon ƙwan halojin yana da zafi, a ƙasashen sanyi shi ke narkar da ƙanƙarar da ta rufe gilashi, LED kuwa sai an sa mata abin ɗumamawa daban. Ta biyu ta shafe ku kai tsaye. Kyamarorin hangen hazo da ke hancin wasu jirage zafi suke gani, kuma LED kusan ba ta fitar da shi. Matuƙi zai iya duba allon ya ga titi babu fitila alhali suna kunne. Sababbin kyamarori an ƙara musu ido mai ganin hasken da ɗan Adam ke gani, amma tsofaffin na nan a jirage da yawa. Duk mai tuƙa jirgi da irin wannan kyamarar, ya bincika wace irin fitila ce a filin da zai sauka tun kafin ya bar ƙasa.